Mishan a Ƙauyukan Maguzawa: Wa Ya Fara Isa, Kuma Me Ya Sa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau za mu taɓo maganar da mutane da yawa suka fi son a yi ta ƙasa-ƙasa, wato aikin mishan a ƙauyukan Maguzawa, musamman a yankinmu na Ikara da Makarfi da Kudan. Roƙona ɗaya ne kafin mu fara: a daure a kai ƙarshe kafin a garzaya kwament.

Kun dai san yadda abin yake a Facebook da TikTok. Yau a saka bidiyon wasu Maguzawa sun karɓi kalmar shahada, a cika kwament da kabbara. Gobe wani shafin ya saka hoton wasu ana yi musu baftisma a rafi, can ma a cika da halleluya. Kowane ɓangare yana ƙirga kawuna kamar ana ƙirga ƙuri'a. Amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambaya: ƙauyen nan da aka ɗauki bidiyon, a ina suke ɗebo ruwan sha? In naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, a kan me ake ɗaukarta, kuma zuwa ina? Yaran nan da suka yi layi a hoton, aji nawa suke?

Ni Musulmi ne, ɗan wannan yanki, kuma ba wa'azi na zo yi ba, wa'azi akwai masu shi. Magana ɗaya nake so mu ɗauka yau. Matuƙar ruwa da makaranta da magani ba sa isa ƙauye sai ta hannun mai wa'azi, ko na coci ko na masallaci, to an rage wa talakan ƙauyen 'yancinsa na zaɓar addini. Wanda ƙishirwa ke damunsa ba ya iya cewa a'a yadda wanda ya ƙoshi yake iyawa.

To su wane ne Maguzawa? Na san akwai masu saurarenmu da suka tashi a birni, sunan kawai suke ji, sau da yawa ma a cikin zagi. Maguzawa Hausawa ne cikakku, waɗanda suka ci gaba da riƙe addinin kakanni bayan Musulunci ya kafu a birane. Suna nan a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. Ba su cika zama a cikin gari ba. Za ka tarar da babban gida guda a tsakiyar gonaki, kaka da 'ya'ya da jikoki duk a ciki, sai ka yi tafiya kafin ka ga wani gidan. Manoma ne na gasken gaske, matansu ma suna noma, kowace da gayaunarta da rumbunta. Sunaye irin su Jatau da Tanko da Nomau da Ɗari da Shekarau, waɗanda yau wasunmu ke jin kunyar raɗa wa 'ya'yansu, a wurinsu suka fi daɗewa.

Akwai labarin da ake bayarwa na wani wai shi Bama da ya guji salla, wai daga nan sunan ya samo asali. Wannan hira ce ta bakin kasuwa. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa kalmar daga Majusawa ta fito, kuma sunan ya ba su wani matsayi a shari'a: su biya jiziya, a bar su da addininsu a ƙarƙashin sarakunan Musulmi. Ku lura da wannan da kyau. Kakanninmu sun samar wa Bamaguje wurin zama a cikin tsarinsu. Shekaru aru-aru ana cin kasuwa ɗaya, ana gaisawa, ana zuwa wa juna biki da jana'iza. Kuma a hankali, ba tare da kyamara ba, da yawansu sun musulunta. In muka bi salsala, da yawa daga cikinmu a irin wannan gida za mu tsaya.

Wani abin kuma, baƙi sun riga mu nazarin waɗannan mutane. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930. Farfesa Murray Last na Ingila ya zauna a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi. Mu kuwa ga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gida, amma ɗalibi zai gama digiri bai taɓa taka gidan Maguzawa ba, alhali da mashin ba zai yi awa guda ba.

Yanzu ta yaya mishan ta shigo? Abin mamaki, ba da Maguzawa ta fara ba. A 1900 wata tawagar mishan ɗin CMS ta cocin Angilika, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller. Shi bai haƙura ba, a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Burinsa sarakai da malamai ne, mutanen birni. Turawan mulki ma ba su ba shi goyon baya yadda ake zato ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan a masarautu.

Sai ga wani abu ya faru da ya shafi ƙasarmu kai tsaye. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an kashe wani malami mai suna Malam Ibrahim a kasuwar Kano, saboda irin matsayin da yake ba Annabi Isa a karantarwarsa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu. Wasu suka nufi Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Miller a Zariya. Daga nan aka samar musu fili a Gimi, eh, Gimin nan ta ƙasar Makarfi, aka kafa ƙauyen Kirista Hausawa, da wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson yana kula da su. Sun yi gonaki, sun gina makaranta. Cikin 'yan shekaru sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu. Mutane suka yi ta mutuwa, ƙauyen ya watse, aka kwashe waɗanda suka rage, musamman yara, zuwa Zariya.

Wajajen 1929 mishan ɗin ta fita daga birni ta koma Wusasa, inda aka gina cocin Saint Bartholomew da asibitin Saint Luke da makaranta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan 'yar al'umma ne aka samu Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a asibitin koyarwa na Kaduna. Daga zuriyar Isawa aka samu Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, lokacin da ake maganar Anchau a matsayin gari na wannan shiyya tamu tun kafin a yanke Kubau daga Ikara. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Saboda haka duk mai cewa Bahaushe Kirista baƙon abu ne da aka shigo da shi jiya, to bai karanta tarihin garinsu ba.

Da ƙofar birni ta ƙi buɗuwa, sai mishan ta juya ga waɗanda ke gefe. A shekarun 1930 aka ba mishan ɗin SIM, wadda ta haifi cocin ECWA, damar kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya hankali ya koma kan Maguzawa. A nan ma ba su kaɗai ba ne a fage. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, kuma tsakanin 1963 da 1965 Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa a sassan Arewa. Tun daga lokacin Bamaguje ya zama wanda kowa ke nema. Yau a yankinmu akwai Angilika da Katolika da ECWA da Baptis da sauransu. Ikara ma tana da dayosis ɗinta na Angilika, wanda Bishop Yusuf Janfalan ya jagoranta, Katolika kuma sun kafa dayosis na Zariya a 2000.

To me ya sa Maguzawa da yawa suka zaɓi coci, alhali duk maƙwabtansu Musulmi ne? Wannan tambayar tana yi wa wasunmu ɗaci, amma gara mu amsa ta. Amsar da ta fi sauƙi ita ce wai an saye su da shinkafa. Wannan amsar tana raina musu hankali, kuma tana rufe mana ido.

Na farko, a da, musulunta ga Bamaguje takan zo da ƙaura. Ya bar babban gida, ya koma gari, matarsa ta shiga kulle ta daina noma. Ga gidan da ƙarfinsa ya dogara da hannaye da yawa a gona, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Coci kuwa sai ta zo ta same shi a gidansa, ta ce ya zauna inda yake, matarsa ta ci gaba da gayaunarta.

Na biyu, mai bishara zama yake yi. Ba ya zuwa da ayarin motoci ya juya da la'asar. Yakan gina ɗan ɗakinsa na jinka, ya nemi gona, ya sha ruwan da suke sha. Da dare ya koya wa manya karatun boko da Hausa don su iya karanta Littafi Mai Tsarki, da safe matarsa ta tara yara a gindin bishiya. In yaro ya yi zazzaɓi, shi ne mai mashin ɗin da za a kai shi asibiti. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Na uku, kuma wannan ya fi zafi, suna. Wanda ya tashi yana jin ana ce masa arne a kasuwa, ana ware masa ƙoƙon shan ruwa, ana ba yara labarinsa don a tsorata su, sai ga wani ya zo ya ce masa ɗan'uwa, ya zauna a tabarmarsa ya ci tuwonsa. Kai a ganinka wa zai bi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ba 'yan mishan suka tsaga shi ba.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya haifar da abin a zo a gani. Gidajen da ba a taɓa samun mai rubuta sunansa ba, yau sun fitar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da fastoci. Zumuntar Mata ta zama wurin da matan ƙauye ke adashi, suna duba marasa lafiya, suna koyon magana a gaban jama'a. Wanda ya ƙi yarda da wannan, son zuciya ne kawai.

Amma kada 'yan'uwanmu Kirista su yi saurin tafi, domin akwai ɗaya gefen. Akwai masu zuwa da kyamara kafin su zo da magani. A tara yara marasa riga a ɗauki hoto, a tura ƙasashen waje a nemi tallafi da sunansu, su kuwa ko labarin nawa aka samu ba za su ji ba. Akwai inda taimako ke zuwa da sharaɗi, ko da ba a furta shi ba: kowa ya san wanda ke zuwa sujada shi ake fara rubutawa in taki ya zo. Akwai yaran da ake ɗauka a kai makarantun kwana masu nisa, su dawo suna ƙyamar iyayensu, suna jin kunyar sunan da kakarsu ta raɗa musu. Akwai ƙauyen da bai fi gida goma ba, amma ɗariƙu uku sun raba shi, wa da ƙani ba sa shiga coci ɗaya. Kuma akwai inda shekara talatin ana aiki, amma har yau mai riƙe da kuɗi da mai yanke shawara daga wani wuri ake turo su.

Mu ma masu da'awa, wannan madubin namu ne. Sau nawa aka je ƙauye da ayari, aka raba shadda da atamfa da buhun shinkafa, aka ɗauki bidiyo, aka tafi, ba a sake komawa ba? A bar mutum bai iya alwala ba, ba malami, ba makaranta. Ya shekara ashirin yana salla, amma har yanzu sunansa tubabbe. Ɗansa ya zo neman aure, a ce a bincika asali. Akwai masu da'awa na gaskiya da suka tare a ƙauyuka suna shan wahala, Allah Ya saka musu. Amma masu neman hoto sun fi su ƙara a intanet.

Bari in ɗan fita da ku waje, saboda wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A Turai akwai wata al'umma da ake kira Roma. Ba birnin Roma na Italiya ba, ba kuma ƙungiyar ƙwallo ba. Mutane ne da asalinsu daga Indiya yake, sun shiga Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma an ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 10 zuwa 12. Suna cikin mafi talauci a nahiyar. A gefen gari suke zama, ana kiransu da sunayen raini, ana yi musu kallon ɓarayi. A yankin da ya zama Romaniya an riƙe su bayi har zuwa 1856. A yaƙin duniya na biyu gwamnatin Hitila da ƙawayenta sun kashe dubban ɗaruruwansu. Tarihinsu daban yake da na Maguzawa, domin Bamaguje ɗan ƙasa ne mai gonarsa, ba baƙo ba. Inda suka yi kama shi ne zaman gefe da raini, da kuma yadda masu addini suka nufe su.

An gwada hanya biyu a kansu. A ƙasar Norwe, wata ƙungiyar mishan da gwamnati ke ba kuɗi ta ɗauki aikin wai gyara wani reshe nasu da ake kira Tater. A cikin ƙarni na 20 an raba kimanin yara 1,500 da iyayensu, aka kai su gidajen marayu da gidajen riƙo. Aka tsugunar da iyalai a sansanin aiki, ana hana su harshensu da al'adarsu. Masu yin abin sun yi imani taimako suke yi. Daga baya gwamnatin ƙasar da cocinta sai da suka fito suka nemi afuwa. Shi ma Fafaroma Francis, da ya je garin Blaj na Romaniya a watan Yunin 2019, ya nemi gafarar 'yan Roma kan wariyar da Kirista suka nuna musu.

Hanya ta biyu a Faransa ta faro, wajajen 1952, ta hannun wani fasto mai suna Clément Le Cossec. Shi tun da wuri ya horar da 'yan Roma su zama fastocin kansu, su yi wa'azi da harshensu, su yi waƙa da irin kiɗansu. Tafiyar ta bazu har Sifaniya da gabashin Turai, kuma yau su ke jagorancin cocinsu. Duk da haka, ku ji wannan: cocin ta ba su murya da mutunci, amma ba ta kawo ƙarshen unguwannin da ba famfo ba, ko makarantun da ake ware 'ya'yansu ba. Wannan sai da doka da kotu da kasafin kuɗi, kuma har gobe ana fafatawa.

Darasi biyu ke nan. Kyakkyawar niyya ba ta hana zalunci in ka ɗauki mutum a matsayin aikin da za ka gyara. Sannan ko mishan mafi adalci ba ta zama gwamnati.

Mu dawo gida. A wani zagayen wayar da kai kan katin zaɓe, mun shiga wani gidan Maguzawa da ke bayan rafi. A gidan akwai mai zuwa coci, akwai mai salla, shi kuwa maigidan yana nan kan addinin kakanninsa. Na ce, Baba, me kuka fi buƙata a nan? Sai ya yi dariya. Ya ce masu coci sun zo, masu da'awa sun zo, 'yan siyasa ma duk shekara huɗu suna zuwa, wasu ransa suke so, wasu babban yatsansa, amma ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Abin da yake so kwalbati ne a kan rafin, domin da damina in ruwa ya kawo, yara ba makaranta, mara lafiya ba asibiti, tumatir da barkono kuma a gona suke ruɓewa.

Kwalbati fa, jama'a. Wannan ba aikin fasto ba ne, ba na liman ba ne. Aikin ƙaramar hukuma ne. Mutanen nan suna noma masara da dawa da rake da tumatir ɗin da ke cika kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunkuyi, ana karɓar haraji a kan kowane buhu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan cikin gari ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi, kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To in haka ne, tambayar rijiya da aji da ɗakin haihuwa, kansila da shugaban ƙaramar hukuma ya kamata mu kai wa.

Kuma mu saurari koken da Hausawa Kirista suka daɗe suna yi ta bakin ƙungiyoyinsu irin su Tarayyar Masihiyawa: wahalar samun takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma in sunanka Bulus ko Rahila, ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, wahalar samun filin coci ko maƙabarta. Kafin ka ce ƙarya ne, tuna cewa Musulmi marasa rinjaye a wasu sassan kudancin jihar nan da wasu jihohi irin wannan kukan suke yi, kuma in sun yi muna jin zafi. Ba zai yiwu mu nema wa namu adalci a can, mu hana maƙwabcinmu a nan ba. Mun ga abin da ya faru a watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso har Zariya da Wusasa aka ƙona coci-coci. Mun ga na 2000, mun ga na 2011, kowane ɓangare ya binne nasa. Wanda ya fi shan wuya a irin wannan rana shi ne na gefe, wanda ba shi da kowa a sama.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ba mu shawara mu riƙa ɗora kowace ƙungiya a kai, ta mishan ce ko ta da'awa, in ta shigo ƙauye.

Ɗaya: wanda ya ce ba ya so, zai ci gaba da shan ruwan rijiyar? Za a ci gaba da karɓar ɗansa a makarantar, a duba matarsa a asibitin? In amsar a'a ce, to ciniki ake yi.

Biyu: bayan shekara goma, wa ke riƙe da makulli? 'Yan ƙauyen sun zama malamai da shugabanni da ma'aji, ko har yanzu su ne masu share fili in baƙi za su zo?

Uku: yara. Duk yaron da za a ɗauka zuwa wani gari, da sanin iyayensa da yardarsu? Sun san inda yake? Yana zuwa hutu? Wannan ya shafi yarinyar da za a ce ta sauya addini a ɓoye ta ga iyayenta, ko ta wane ɓangare abin ya fito.

Huɗu: hoton da aka ɗauka, an nemi izini? Kuɗin da aka tara da sunansu, an zauna an yi musu bayani?

Duk ƙungiyar da ta tsallake waɗannan huɗu, to ta yi wa'azinta, doka ta ba ta dama, mai karɓa ya karɓa, mai ƙi ya ƙi. Ni a matsayina na Musulmi ina son kowa ya fahimci addinina, kuma na san Kirista ma haka yake ji game da nasa. Amma addinina ya hana tilas, kuma ban ga amfanin imanin da yunwa ta sa hannu a kansa ba.

Mu matasa kuma, me ke hannunmu? Mu fara da baki. Kalmar arne da kalmar tubabbe, mu ajiye su, kuma in aboki ya faɗa a majalisa mu ce masa bai dace ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari na Ikara da Makarfi da Kudan, ku duba rajistarku: akwai ɗan gidan Maguzawa ko Bahaushe Kirista ko guda a cikin shugabanni? In babu, ku neme su. Masu zuwa hutu daga jami'a da kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi, darasin hutun da kuke shirya wa yara kada ya tsaya a cikin gari. Kowace mazaɓa, mu zauna mu rubuta ƙauyukan da ba su da rijiyar burtsatse, da waɗanda yaransu ke tsallaka rafi kafin su kai aji, mu kai wa kansila a rubuce, Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya duk mu sa hannu a takarda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu nazarin Hausa da tarihi kuma, dattawan nan suna tafiya da waƙoƙin noma da kirari da sanin itatuwan magani da tsohuwar Hausar da babu ita a birni. Wayar da ke hannunku ta isa ta naɗa, in sun yarda.

In kai ɗan ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ne kana saurarenmu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka rubuto mana abin da ka gani, ko ka turo saƙon murya, za mu saka a shiri na gaba ba tare da ambaton sunanka ba in ka fi son haka. Sauran jama'a, kwament a buɗe yake, a yi muhawara da hujja. Wanda ya zagi addinin wani, za mu goge. Ku tura wa kansilan mazaɓarku wannan shirin.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.